Keken Nomau da Birin da Ya Ce Ya Iya

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina!

Ta zo mu ji ta, Kaka, mun baza kunne!

To ku matso kusa da wuta. Kai Sallau, janye ƙafarka daga toka.

An yi wani mutum, sunansa Nomau, a wani ƙauye da ke bisa tudu. Daga ƙofar gidansa hanya ta gangara, ta wuce gindin wata tsohuwar kuka, ta wuce bakin wata rijiya, ta ci gaba da gangarawa har ta faɗa rafi. Nomau yana da mata, sunanta Tasalla. Yana da 'ya guda ɗaya tak. Yana kuma da keke.

'Yar nan sunan mahaifiyar Nomau aka sa mata, don haka ba mai kama sunan a gidan, sai dai a ce Uwani. Ƙarama ce, an yaye ta da jimawa, amma ba ta isa shiga makaranta ba. Keken kuwa da shi gidan yake ci. Kullum da asuba Nomau ya ɗaure buhun albasa a kariyar bayan keken, ya bi kasuwannin ƙauyuka yana talla. Ya fita Uwani na barci, ya dawo Uwani na barci. Yana son ta kamar ransa, amma da za ka tambaye shi abin da ke sa ta dariya, sai ya yi ta sosa ƙeya.

Ana nan, ana nan, damina ta yi tsakiya. Ran nan santsi ya kwashe Nomau, ya faɗa kwazazzabo, ƙafa ta karye. Keken ko ƙwarzane bai yi ba. Aka ɗauko mutum ranga-ranga zuwa gida, aka turo keken a baya. Maɗori ya zo ya ɗora ƙafar, ya ɗaure ta da karare, ya ce, "Nomau, in ka taka ƙafar nan kafin in ce ka taka, to kai da hawa keke sai dai kallo."

Da gari ya waye Tasalla ta ce, "Malam, cikinmu ba zai jira ƙafarka ba. Zan ɗauki albasar a ka in kai kasuwa. Kai ka zauna da Uwani."

Nomau ya ce, "Ni?"

Ta ce, "Kai."

Ya ce, "To me ake yi mata?"

Ta ce, "Abin da ake yi wa kowane yaro. Ga fura can a ƙwarya. In ta yi kuka ka rarrashe ta."

Ta shimfiɗa masa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, kusa da inda aka jingine keken, ta ɗauki tirenta ta fita. Ƙafarta na barin zaure, Uwani ta buɗe baki. "Inna! Inna! Innaaa!"

Nomau ya miƙa mata ƙuli-ƙuli. Ta karɓa ta jefar.

Ya yi mata waƙa. To shi Nomau muryar talla gare shi, mai kaiwa ƙarshen kasuwa, amma in ya ce zai rera waƙa sai ka ce kwaɗo ne ya yi mura. Uwani ta ƙara ƙarfin kuka.

Ya murguɗa baki, ya zare ido, wai don ta yi dariya. Yarinya ta firgita ta ruga bayan turmi.

Nomau ya rasa yadda zai yi. Ya ɗaga hannu zai dafa keken ya gyara zama, sai yatsansa ya bugi ƙararrawa. Ƙiriring!

Kuka ya tsaya cak. Ido ɗaya ya leƙo daga bayan turmi.

Nomau ya sake bugawa. Ƙiriring! Ido biyu suka leƙo.

Ya ce a hankali, "Uwata, zo ki taɓa."

Ta taho taku ɗaɗɗaya, yatsa a baki. Ta taɓa. Ƙiring! Ta ja da baya, ta dubi uban, sai ta ƙyalƙyale da dariya. Nomau bai taɓa jin dariyar nan daga kusa haka ba.

Ya jawo ƙwaryar gyaɗa ya ce, "Mu yi wasa. In ƙararrawa ta yi kuka sau ɗaya, ki sa gyaɗa ɗaya a tafina. In ta yi biyu, ki sa biyu."

Ƙiring! Ta sa ɗaya. Ƙiring, ƙiring! Ta sa biyu. Ƙiring, ƙiring, ƙiring! Ta kwaso cikin hannu ta zuba masa.

Ya ce, "Ƙirga mini."

Ta ce, "Ɗaya, biyu, biyar."

Ya ce, "Af! Ina kika bar uku da huɗu?"

Ta ce, "Sun tafi kasuwa da Inna."

Nomau ya yi dariya har ƙafar ta motsa, ya yi ƙara, ya kuma ci gaba da dariya. Haka suka yini. Kafin Tasalla ta dawo, uku ta dawo daga kasuwa. Huɗu ce dai ta yi kwanaki a hanya.

To ashe duk abin nan wani yana kallo. Biri ne, a kan reshen darbejiya. Shi kuwa Birin nan ya riga ya cika wa surukansa baki a daji, ya ce musu shi babban mutum ne a cikin gari, wata rana ma a kan keke zai zo gaishe su. Da ya ga keke a jingine, mai keke a kwance, sai ya ce a ransa, "Ga keke, ga gurgu, ga yarinya. Saura in koyi hawa."

Washegari ya diro tsakar gida, ya durƙusa har ƙasa. "Salamu alaikum, Malam Nomau. Ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi. Na ji an buɗe makaranta a gidan nan, shi ne na ce bari in zo in ɗauki karatu."

Nomau ya ce, "Wace makaranta, Malam Biri? Wasa ne muke yi ni da uwata."

Uwani ta ce, "Baba, bar shi ya yi da mu."

Nomau ya ce, "To zauna."

Ƙiring! Biri ya ɗauki gyaɗa ɗaya ya jefa a baki. Ƙiring, ƙiring! Ya jefa biyu a baki. Nomau ya ce, "A tafina ake sawa, ba a baki ba. Tsaya a nuna maka."

Biri ya ce, "Na iya, na iya, tun kakana na iya!" Ya kwashi gyaɗa ya cika kumatu, ya haye bishiya.

Bayan 'yan kwanaki ƙirga ta fara gundurar Uwani. Nomau ya kwana yana tunani. Da safe, kafin Tasalla ta fita, ya ce, "Taimaka ki kifar mini da keken nan, tayoyi a sama. Ki kuma ba ni tsummokaran da ba ki so."

Tasalla ta ce, "Malam, ƙafa ce ta karye ko kai?" Amma ta kifar masa, ta ba shi tsumma.

Nomau ya yayyaga, ya ɗaɗɗaura a wayoyin taya. Ga ja, ga fari, ga baƙi, ga kore. Ya kama feda da hannu ya juya. Taya ta ɗauki gudu, fiiii, launuka suka cakuɗe suka zama abu guda. Uwani ta buɗe baki ta kasa rufewa.

Ya ce, "Kin ga ƙarfen nan na kusa da ƙasa? Sunansa birki. In kika matse shi, taya za ta tsaya. Launin da ya tsaya a sama, ki ruga ki nemo mini irinsa a cikin gidan nan."

Sai ya sa waƙa da muryar nan tasa ta kwaɗo:

"Gara, gara, ƙafar keke,
Ja ya wuce, fari ya wuce,
Gara, gara, ba ki gajiya,
Wa zai tsai da ke?"

Uwani ta amsa, "Ni da birki!" Ta sa hannu bibbiyu ta matse. Ƙiiii! Taya ta tsaya.

Ja ne a sama. Ta ruga ta kawo tattasai. Aka sake. Kore. Ta tsinko ganyen zogale. Aka sake. Baƙi. Ta shafo gindin tukunya, ta zo ta goga wa uban a goshi. Aka sake. Fari. Ta duba nan, ta duba can, ta bi farar kaza, kaza ta tsere. Sai ta dawo ta ce, "Baba, yi dariya." Ya yi. Ta sa yatsa a haƙorinsa ta ce, "Ga shi!"

Suna cikin haka Biri ya diro. "Salamu alaikum, Malam Nomau. Ya jiki? Yau wane karatu ake?"

Nomau ya nuna masa feda. Biri ya kama ya yi ta juyawa, ya yi ta juyawa, yana tsalle yana ihu. Nomau ya ce, "Madalla. Yanzu zo ka ga yadda ake tsayar da ita."

Biri ya ce, "Tsayawa? Tsayawa aikin ragwaye ne. Na iya, na iya, tun kakana na iya!" Ya haye bishiya.

Kwanci tashi, ƙafa ta fara ƙaiƙayi, alamar tana haɗewa. Yanzu in Tasalla za ta fita, Uwani ko waiwaye ba ta yi. Tasalla ta ce, "Oho, wato ni an sallame ni ke nan?" Uwani ta ce, "Inna, je ki, muna aiki."

Sai Nomau ya ƙirƙiro wasa na uku. Ya ja jiki a tsakar gida, ya zana hanyoyi a ƙasa da tsinke. Wannan ta bi bayan turmi, waccan ta zaga randa, wata ta nufi akurkin kaji. Ya ba Uwani guntun kara ya ce, "Ga kan kekenki, riƙe da hannu biyu. Hannun da kike cin tuwo da shi, shi ne dama. Ɗayan kuma hagu. Abin da na kira, can za ki juya."

Ya ce, "Dama!" Ta yi hagu, ta yi karo da randa.

Ya ce, "Uwata, da wanne kike cin tuwo?"

Ta ce, "In Inna ba ta gani, da duka biyun."

Ya ɗaura mata zare a hannun dama. Aka sake, aka sake, aka kuma sakewa. Tun tana duba zaren har ta daina dubawa, har zaren ya tsinke ba ta sani ba.

Biri ya diro. "Salamu alaikum, Malam Nomau. Ya jiki? Yau fa?"

Nomau ya ce, "Dama da hagu."

Biri ya dubi hannuwansa ya ce, "Wannan nawa ne, wannan ma nawa ne. Me zan koya? Na iya, na iya, tun kakana na iya!" Amma a ran nan bai haye bishiya da wuri ba. Ya tsaya yana kallon keken, yana lasar baki.

To ku saurara da kyau, nan ne abin ya ɓaci.

Wata rana aka kwana ana ruwa, rafi ya cika ya batse. Da rana ta take, Nomau ya sha jiƙon da maɗori ya ba shi, barci ya sace shi a kan tabarma. Uwani tana gefe tana jera tsakuwa. Biri ya sauko a hankali, ba sallama. Ya kama keken, ya yi nishi, ya birkice shi, tayoyi suka koma ƙasa. Ya fara turawa zuwa zaure.

Uwani ta ruga ta riƙe kariya. "Keken Babana ne!"

Biri ya ga in ta yi kuka asirinsa ya tonu. Sai ya yi murmushi ya ce, "Haba ƙanwata, ai ba sata zan yi ba. Wurin Innarki zan kai ki a kasuwa. Ba ki son ki hau keke na gaske?"

Wane yaro ne ba ya so? Ya ɗaga ta ya ɗora a ƙarfen gaba, ta riƙe kan keken da hannu biyu. Ya tura har ƙofar gida, ya daka tsalle ya haye sirdi. Ko feda bai taɓa ba, gangara ta karɓi keken.

Uwani ta ji daɗi, ta buga ƙararrawa. Ƙiriring! Ƙiriring!

Nomau ya farka. Ƙarar ba daga tsakar gida take zuwa ba, daga waje take zuwa. Ya duba, ba keke. Ya duba, ba Uwani. Ya ce, "Innalillahi!" Ya kifa da ciki, ya ja jiki da gwiwar hannu, ƙafar na jan ƙasa a bayansa, zafinta har cikin ƙwaƙwalwa. Ya ratsa zaure, ya fito ƙofar gida.

Me zai gani? Ga keke can yana gangarawa kamar an harba kibiya. Biri ya saki komai, ya rufe ido da hannu biyu yana ihu. Uwani ce kaɗai ke riƙe da kan keken, kuma sun nufi kukar nan kai tsaye. Ba kowa a hanya, duk gari an tafi gona.

Nomau ba ƙafa. Abin da ya rage masa murya ce. Ya cika ƙirji da iska, ya saki muryar tallan nan tasa.

"Uwataaa! Dama!"

Yarinya ta ja kan keken dama. Suka goge jikin kuka, suka wuce. Ga rijiya ta taso musu, baki buɗe.

"Hagu, uwata! Hagu!"

Ta ja hagu. Taya ta daki dutsen bakin rijiya, keken ya yi tsalle, ya dira, ya ci gaba. Yanzu ba abin da ya rage a gabansu sai rafi, ruwa ja wur yana tumbatsa. Uwani ta fara kuka. "Baba! Baba!"

Nomau ya kira, "Birki!" Kuka bai bar ta ta ji ba. Ya sake kira, ba ta ji ba. Hawaye suka zubo masa. Sai ya buɗe baki ya rera, da duk ƙarfin da Allah ya ba shi:

"Gara, gara, ƙafar keke,
Gara, gara, ba ki gajiya,
Wa zai tsai da ke?"

Daga can ƙasa wata 'yar murya ta amsa cikin kuka, "Ni da birki!"

Ta lalubo ƙarfen, ta sa hannu bibbiyu, ta rataya a kansa da duk nauyinta. Ƙiiiiii! Keken ya yi ta kuka, ya yi ta rage gudu, ya yi ta rage gudu, har ya zo daidai wani tarin ciyawa da aka yanko wa dabbobi aka ajiye a gefen hanya.

Nomau ya ce, "Saki, uwata! Faɗa kan ciyawa!"

Ta saki, ta faɗa. Luf! Ko ƙwarzane ba ta yi ba.

To amma da hannunta ya bar birki, gangara ta sake karɓar keken, da Biri a kai. Biri ya buɗe ido ya ga ruwa. Ya waiwayo yana kururuwa, "Malam Nomau! Malam! Yaya ake tsayawa? Wanne ne birkin?"

Nomau ya ce, "Ai ka iya, Malam Biri! Tun kakanka ka iya!"

Keken ya daki wani falalen dutse a bakin rafi. Biri ya tashi sama, ya dira a kan gindinsa, ya yi ta sulɓewa a kan dutsen nan da rana ta gasa, suuuu, har gashin wurin ya ƙare tas. Shi ya sa har yau in kun ga biri za ku ga mazauninsa ba gashi, kuma ba ya iya zama wuri ɗaya. Surukansa kuwa a ƙafa ya je musu, yana tafe yana ɗingishi, kuma a tsaye ya yi gaisuwa.

Keken kuma, tsulum, ya faɗa rafi. Ruwa ya juya shi sau ɗaya, taya ta leƙo da tsummokaranta, ta nutse. Ba a ƙara ganinsa ba.

Nomau bai tsaya kallon ruwa ba. Ya ci gaba da jan ciki a kan hanya, Uwani ta taso da gudu, suka haɗu a gindin kuka. Ya rungume ta, yana shafa kanta, yana duba hannuwa, yana duba ƙafafu. Ta ce, "Baba, na yi daidai?" Ya gyaɗa kai, ya ƙara rungume ta.

A nan Tasalla ta same su da yamma. Da ta ji labari ta ajiye tire, ta ɗauki 'yarta ta ƙanƙame, ta yi kuka mai isarta. Sannan ta dubi rafi ta ce, "Malam, keken fa? Da me za mu ci?"

Nomau ma ya dubi rafi. Keken nan ya daɗe tare da shi, ya san kukan kowane ƙarfe a jikinsa. Ya share ido ya ce, "Ya tafi, Tasalla. Amma dubi abin da ke hannunki."

Jan cikin nan ya gusar da ɗorin, sai da maɗori ya sake sabon aiki, yana yi yana faɗa. Da ƙafar ta warke, ta warke da ɗan ɗingishi. Nomau ya koma talla a ƙasa, albasa a ka. Kasuwannin nesa suka fi ƙarfinsa, sai na kusa. Miyar gidan ta rage nama, gaskiya ce. Amma yanzu kafin la'asar ta yi sanyi yana gida.

Ran da ya fara dawowa, Uwani ta tare shi a zaure, ta yi tagumi ta ce, "Baba, yanzu ba mu da keke."

Nomau ya sauke kaya, ya durƙusa ya ce, "Wa ya ce? Ga shi nan. Hau."

Ta haye wuyansa. Ta ce, "Ina abin riƙewa?" Ya ce, "Kunnuwa." Ta kama. Ta ja na dama, Nomau ya yi dama. Ta ja na hagu, ya yi hagu. Ta danna hancinsa, ya ce, "Ƙiriring!" Ya zaga turmi, ya zaga randa, ya tarwatsa kaji, yana ɗingishi yana gudu, Tasalla na cewa, "Malam, za ka kayar mini da tukunya!"

Can Uwani ta sunkuyo ta ce, "Baba, ina birki?"

Kafin ya ba da amsa ta damƙi gemunsa da hannu bibbiyu ta ja. Nomau ya ce, "Ƙiiii! Wayyo!" Ya tsaya cak. Tun daga ran nan gemun Nomau bai ƙara tsawo ba, kuma ba wanda ya taɓa jin ya yi ƙorafi.

To jikokina, kun ji. In ana koya muku abu, ku zauna har a kai ƙarshe, kada ku yi saurin cewa kun iya. Idan kuma kuka girma Allah ya ba ku naku 'ya'yan, ku zauna a ƙasa ku yi wasa da su, kada ku jira sai ƙafa ta karye.

Ƙurunƙus! Tatsuniya ta faɗa rafi, wuta ta zama toka. Kowa ya kama hannun ƙanensa, a tafi a kwanta.